Hotunan Bikin da Suka Ɓace Lokacin Azahar

Wasu 'yan shekaru can baya, ina sabuwar gama difloma a fannin kwamfuta, ina ji da kaina kamar ni na ƙera ta, na yi aiki a shagon kawuna a Kankia. Shagon hoto ne da buga takardu. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, shi ke da shagon. Ɗansa, wato taubashina, shi ke yawon ɗaukar hoto a wuraren biki da suna. Ni kuma ina gaban kwamfuta, in gyara hoto, in wanke fasfo, in buga wa mutane takardunsu. Gidanmu a Kusada yake, amma a gidan Kawu nake zaune, sai in an samu sarari in leƙa gida.

Kwamfutar guda ɗaya ce, tsohuwa ce kuma. Wani abokin karatuna ne ya haɗa mana ita, ya sa mata irin manhajar nan ta kyauta da ba ta cika kama bairos ba, domin filashin mutanen gari sun kusa kai ta lahira. Kowannenmu da ɓangarensa da fasiwod ɗinsa, abin da ka ajiye a naka wani ba ya gani. Folda ɗaya ce kawai kowa ke iya shiga ya ajiye abu, sunanta tmp, mu kuma muka raɗa mata "tsakar gida". In taubashina ya dawo daga biki sai ya juye hotuna a tsakar gida, ya goge memorin kyamararsa tunda guda ɗaya gare shi, ya ruga wani taron. Ni kuma in ɗauka daga can in gyara. Mun daɗe muna haka, ko hoto ɗaya ba a taɓa rasawa ba. A makaranta an gaya mana tmp wurin ajiyar wucin gadi ne, na rubuta a jarrabawa, na ci, na kuma bar ilimin a ɗakin jarrabawar.

Wuta a lokacin sai ta ga dama, saboda haka da janareta muke aiki. Kawu yana da doka wadda ba ta canzawa: da an kira Azahar a kashe inji, shi ya huta, mai ma ya huta. Maza su tafi masallaci, ni kuma in kashe kwamfuta, in ja labule, in yi sallata a cikin shago.

Sai Kawu ya sayo sabuwar firinta, ta ƙi aiki da kwamfutar ƙememe. Abokina ya biyo ta Kankia zai wuce Kano, ya tsaya ya duba, ya ce manhajar ta tsufa, sai an sabunta ta. Kafin ya fara ya kwashe duk tarkacen da ke tsakar gida ya zuba mana a wani wuri, ya yi aikinsa, firinta ta kama aiki. Kawu ya yi ta sa masa albarka har bakin titi.

Washegari da hantsi wani dattijo daga Bauranya ya zo hoton fasfo. An ɗauke shi, an juye a tsakar gida, ina shirin wankewa mai ya ƙare, inji ya mutu. Da aka tayar na duba ban ga hoton ba. Na ce da taubashina ya manta bai juye ba, ya ce ni ce idona ke kan samarin da ke wucewa. Muka yi dariya, aka sake zaunar da tsohon aka ɗauke shi, magana ta wuce.

To a nan sai na kawo muku wani mutum. Akwai wani malamin makaranta ɗan garinmu da ya neme ni, har magana ta kai ga manya, sai ya janye ba dalili, ya koma kan 'yar wani ɗan kasuwa a Kankia. Na yi kukana, na share hawayena. Wallahi zuwa lokacin bikinsa abin da ya rage a raina bai wuce haushin hular da na sa aka ɗinka masa ba. Don rashin ta-ido kuma, duk masu hoton Kankia bai ga wanda zai kira ba sai taubashina.

Asabar ɗin da ta biyo baya aka ɗaura aure da safe. Taubashina ya shigo kafin Azahar yana gumi, ya juye hotunan ɗaurin auren da na kamun da aka yi jiya da yamma a tsakar gida, ya goge memori, ya hau babur ya nufi wani suna a Yashe. Kafin ya fita har da tsokanata, wai in gyara wa ango fuska da kyau, kada in ƙara masa hanci. Na ce ya ɓace min da gani. Na leƙa hotunan, na ga amarya ta yi kyau, na ga hular da ke kan ango ba tawa ba ce, na gode Allah. Aka kira salla, na kashe kwamfuta, Kawu ya kashe inji.

Da aka dawo daga masallaci na kunna, na shiga tsakar gida. Wayam. Na fita na sake shiga, na duba kwandon shara, na duba ɓangarena, na duba inda abokina ya zuba tsofaffin kaya. Babu ko ɗaya. Tun kafin kowa ya ce uffan na san yadda abin zai kasance a idon mutane.

Da La'asar taubashina ya dawo, memorinsa cike da hotunan jariri da raguna. Ya same ni ina zufa, Kawu na tsaye a kaina, ga 'yan'uwan ango biyu sun zo zaɓen hotunan da za a wanke. Da ya ji abin da ya faru, maimakon ya yi shiru, bakin nan nasa na wasa ya riga hankalinsa.

"Kai, 'yar Inna," in ji shi, "halan kishin ne ya motsa? Ai da kin bar mana ko na amaryar."

Wasa yake yi, irin wanda muka saba tun muna yara, ya zage ni in rama. Amma ba wanda ya yi dariya. 'Yan'uwan ango suka kalli juna, suka ce sai an jima. Na ga shi kansa fuskarsa ta canza, kamar sai da maganar ta fita daga bakinsa sannan ya fara tunanin ko gaskiya ce.

Kawu ya ja kujera ya zauna.

"Wa ya rage a shago da muka tahi masallaci?"

"Ni ce, Kawu."

"Wa ke da babban fasiwod ɗin da ke iya goge kayan wani?"

"Ni ce, amma wallahi..."

"Ban ce ki rantse ba. Tambayarki nike."

Da yamma ango ya zo da kansa. Da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi. Sai ya tsaya a bakin ƙofa cikin babbar riga, ya dube ni da wani irin tausayi, ya ce, "Ban zaci abin ya tsaya maki a rai haka ba. Na yafe maki." Ban taɓa jin sha'awar jifan mutum da firinta ba sai ranar. Wayoyin mutane a lokacin hotonsu kamar an shafa wa gilashi mai, saboda haka abin da ya ɓace ya ɓace, bikin ba shi da wani hoton kirki.

Kawu bai kore ni ba. Cewa ya yi in je gida in huta kwana biyu, in gaida Yaya, wato mahaifiyata. Duk wanda ya san manyanmu ya san ma'anar wannan hutun.

Kafin in isa Kusada labari ya riga ni. A rijiya, a wurin niƙa, a gidan suna, maganar ke nan: 'yar wance ta goge hotunan bikin wanda ya ƙi ta. Wasu har da ƙari, wai sai da na tsaya na kalli kowane hoto ina kuka sannan na goge. Ba aikin ne ya fi damuna ba. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne a ce sunana ya zauna a haka, muguwa mai cin amana, wadda kuma har yanzu take mutuwar son wanda bai damu da ita ba.

Mahaifiyata kuwa ta ɗaura ɗamara. Mace ce mai sanyin hali, amma a kwanakin nan ban gane ta ba. Wata maƙwabciya ta shigo da sunan jaje, ta ce ai ƙuruciya ce, kowa ya yi. Inna ta ajiye muciya ta ce, "Ɗiyata ba ta taɓa ɗaukar allurar wani ba, balle ta ɓata aikin da aka ba ta amana. In jaje kika zo, ba mu yi mutuwa ba." Ta je gidan iyayen ango ta faɗa musu haka a tsakar gidansu, har da rantsuwa. Ta aika wa Kawu cewa in bai san tarbiyyar da ta yi wa ɗiyarta ba, ita ta sani. Duk duniya ita kaɗai nake ganin ta yarda da ni, kuma wannan ne ya riƙe ni.

Ni kuma na zama ɗan sandan ciki a kan tabarma. Na fara da taubashina. Anya ma hotunan da na gani duka ne? Ko ya dawo ta baya lokacin ina salla? Na tuna akwai yarinyar da yake nema wadda ta koyi buga takardu, na ce to ga dalili, kujerata yake so ya ba ta. Na koma kan abokina, na ce ko ya dasa wani abu ne don a riƙa kiransa gyara. Har ango na zarga, na ce ko shi ya turo wani don ya nuna wa amaryarsa cewa ana rububinsa. Akwai ranar da na kai ga zargin kaina, na zauna ina tambayar zuciyata ko hannuna ya yi abin da ban sani ba. Duk wanda ya gaishe ni sai in tsaya ina auna muryarsa.

Abin da ya ƙara dagula lissafi, labari ya zo cewa tunda na bar shagon ko fasfo ɗaya bai sake ɓacewa ba. Mutane suka ce to me ya rage? Daga baya na ji dalili: taubashina ya tsorata, ya daina ajiye komai a tsakar gida, a ɓangarensa yake juyewa ya yi aikin da kansa. Amma a lokacin ko ni jikina ya yi sanyi.

Wata rana da hantsi ina tsince wake, injin niƙan maƙwabta ya yi tari ya mutu, mai shi yana ta zagin mai. Kawai sai tsohon nan na Bauranya ya faɗo min a rai. Ai ranar da hotonsa ya ɓace ba salla aka tafi ba. Kowa na nan, Kawu ma na zaune yana jin rediyo. Abin da ya faru kawai, inji ya mutu, kwamfuta ta mutu. Ranar biki ma, tsakanin ganin hotuna da rashinsu, abin da ya shiga shi ne kashe kwamfuta da kunna ta.

Na kira abokina. Da farko ya hau sama, ya ce shi aikinsa ba ya cin kayan mutane. Na ce ban kira ka don in ji tarihinka ba. Na tambaye shi ko sabuwar manhajar tana yi wa tmp wani abu in an kunna kwamfuta. Ya ce, "Wai har yanzu a tmp kuke ajiya?" Na ce kai ka nuna mana ita. Ya ce in je gaban kwamfutar in kira shi.

Inna ta ce ba zan je ni kaɗai ba. Ta yafa mayafi muka hau mota zuwa Kankia. Da Kawu ya gan ta ya miƙe.

"Yaya, ke da kanki? Da kin aiko ai da na zo."

"Na aiko, ba ka zo ba. Ba ta kujera ta zauna."

Na zauna, waya a kunne. Abokina ya sa na buga wani umarni da ke nuna inda kowace folda take zaune, na karanto masa layin tmp. Ya ja salati. Ya ce a tsohuwar manhaja, tsakar gidanmu a kan faifan ajiya take, abin da aka zuba yana nan ko an kashe. Sabuwar kuwa, duk lokacin da aka kunna, sai ta ɗora foldar a kan ram, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita tana kunne, wadda ba ta riƙe komai in wuta ta yanke. Ya ce in buɗe wani fayil mai suna fstab, inda ake rubuta abin da za a ɗora yayin kunnawa, zan ga layin, in nuna wa Kawu in goge shi.

Na buɗe. Babu layin. Na karanto masa duk abin da ke ciki, ba tmp ba alamarta. Ya ce ba zai yiwu ba, ya ce in ba shi lokaci ya bincika, ya kashe waya.

Kawu ya gyara hula. "To, Yaya, kin dai gani. Shi ma wanda aka kira shaida ya gudu."

Na ce, "Kawu, bar batun waya. A ɗauke ka hoto yanzu, ɗanka ya juye a tsakar gida da hannunsa. Ni zan fita. Kai za ka kashe inji, kai za ka tayar."

Haka aka yi. Ni da Inna muka tsallaka titi muka tsaya a inuwar darbejiya. Na ji inji ya mutu, na ji ya tashi. Can sai ga taubashina ya leƙo, baki buɗe. Hoton Kawu ya bi na ango. Amma kada ku ce an gama, domin zargi in ya shiga ran mutum ba ya fita da sauƙi. Kawu ya ce, "Ita ta san kan abin nan. In wani saiti ta yi mata da ta zauna ɗazu hwa?" Aka sake, aka kuma sakewa, duk ina tsallaken titi, hoto na ɓacewa, shi kuma yana girgiza kai yana kallona ta taga.

Ana cikin haka abokina ya kira. Na tsallako, na sa a lasifika na miƙa wa Kawu. Ya ce, "Baba, a gafarce ni, daga wurina ne. Sabuwar manhajar da kanta take ɗora foldar nan a ram, ba ta jiran a rubuta mata a fayil ɗin da na ce, shi ya sa ba a ga layin ba. Tun ranar da na sabunta take haka. Ko limamin garinku ne ya rage a shagon nan, hotunan sai sun ɓace." Ya karanto min umarnin da zai hana ta, layi ɗaya tak, na buga. Ya kuma sa na buɗe sabuwar folda ta gaskiya a kan faifai wadda dukkanmu za mu iya shiga, ya ce don Allah mu rabu da tmp. Aka sake ɗaukar Kawu, aka juye a duka biyun, ya kashe inji, ya tayar. Ga shi nan a allo, ya ɓata fuska, hula a karkace.

Taubashina ya durƙusa a gabana a tsakiyar shago, abin da bai taɓa yi ba, ya ce bakinsa ne ya jawo, kuma shi zai je gidan ango da gidan amarya ya faɗa musu. Ya je kuwa. Kawu dai babba ne, ba a jin "yi haƙuri" a bakinsa. Cewa ya yi, "To ke kin tsaya kallona, ga aiki can ya taru." Sannan ya aika aka sayo wa Inna tsire mai yawa, wanda ni da shi muka san ba don ita aka saya ba.

Na ce sai na raka Inna gida in kwaso kayana. Muna cikin mota, mun bar Kankia, ga gero ya fara fitar da kai a gonaki, raina fes, ina ta zuba mata yadda ram ke aiki kamar ta tambaye ni. Ita kuwa tana ta kallon hanya. Can ta matso kusa da kunnena don kada fasinjoji su ji, ta ce:

"Ke 'yar nan, ashe da gaske ba ke ba ce?"

Na juyo na kalle ta. Na ce, "Inna, duk faɗan nan da kika yi, ashe ba ki yarda da ni ba?"

Ta ce, "Na ga kukan da kika yi sadda ya bar ki. Na ce ko ma ke ce, shi ya ja. Ai ba don ba ki yi ba nike tare maki. Don ke ɗiyata ce."

A haka muka sauka a Kusada. Tun daga ranar ban sake ajiye ko hoton kaza a tmp ba, kuma duk wanda na ga hujjoji sun taru a kansa tsaf, nakan ɗan ja baya kafin in buɗe baki, don na san yadda wurin yake. Mutanen gari tuni suka manta, wasu ma sun ce dama su sun san ba halina ba ne. Maganar Inna ce ban gama da ita ba. Wata rana in na tuna sai in ji ciwo, domin a duk kwanakin nan ashe babu mutum ɗaya da ya yarda da ni. Wata rana kuma sai in tuna matar nan mai kunya ta shiga gidan mutane ta ɗaga murya, tana rantsuwa a kan ɗiyar da a zuciyarta ta riga ta ɗauka mai laifi ce. Na tambaye ta daga baya ko ta yi kaffarar rantsuwar. Ta ce ta yi azumi uku tun kafin mu je Kankia.